MATAR DA AL'ADARTA KE TSALLAKE WATANNI BA JUYA BA CE

Jawabin da editanmu ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Ikara, Maƙarfi da Kudan.



A garuruwanmu akwai matar da takan yi wata uku ko huɗu ba ta ga al'ada ba, kuma ba ciki gare ta ba. Gashi ya fito mata a haɓa, ƙuraje a fuska, bayan wuyanta ya yi baƙi, ga ƙiba. Shekaru su wuce babu haihuwa. Sai a ce aljanu ne, ko sammun kishiya. Wata ta sha gori, wata har a sake ta.

Jama'a, wannan ciwo ne sananne. A asibiti za ku ji an ce PCOS. Tun 1935 wasu likitoci biyu a Amurka suka bayyana shi. Yakan sami kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa. Sinadaran jiki ne ke rikicewa, sai ƙwan mace ya kasa fita a kan lokaci. Yakan bi jini, amma ba a ɗaukarsa daga wani.

Ba haihuwa kaɗai yake taɓawa ba. In an bar shi, yana iya kai mace ga ciwon sukari da hawan jini. Daɗewa babu al'ada kuma yana cutar da mahaifa.

To, me za a yi?

Na ɗaya, tunda kun iya rubutu, kowace ta riƙa rubuta ranar da al'ada ta zo. In ta kai wata uku babu, a tafi babban asibitin Ikara ko na Maƙarfi da takardar. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku asibitin koyarwa na Shika.

Na biyu, abinci. Mu mutanen rake ne, amma mai wannan ciwo ta rage mazarƙwaila, alewa da lemon kwalba. Ta rage malmalar tuwo, ta ƙara wake, zogale da rama. Ta riƙa tafiyar ƙasa kullum. Mai nauyin kilo 80 in ta rage 4 kawai, sau da yawa al'ada takan fara daidaita.

Na uku, akwai maganin daidaita al'ada da na fitar da ƙwai. Likita ne zai rubuta, kada a saya a kasuwa. Ciwon ba ya warkewa ɗungurungum, amma mata da yawa sun haihu bayan magani.

Ku kuma magidanta, ku ba da izini, ku raka su, ku ma a auna ku. Rashin haihuwa yakan zo daga namiji.

Allah ya ba mu lafiya da zuri'a ɗayyiba, amin.