Jirgin da aka kawo don auduga, ya ɓuge da dakon gyaɗa

 

Yau labarin ƙarfe za mu yi. Ƙarfe biyu ne kawai aka shimfiɗa a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, amma suka sauya abin da kakanninmu ke nomawa, da inda suke kai kayansu, har da garuruwan da muke zaune a ciki yanzu. Layin dogo nake nufi, wanda ya iso Kano a shekarar 1911.

Mu ɗan koma baya tukuna. Kafin jirgi, Kano arewa take kallo da yamma. Fatake su ɗora kirgi da turkuɗi a kan raƙuma, su bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, tafiyar watanni. Wasu kuma su kora jakuna zuwa Gwanja su sayo goro. Teku tana can kudu, nesa, ba ta cikin lissafin yawancin mutane.

Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. To, cin gari daban, cin moriyarsa daban. Sun kama ƙasa mai faɗi da jama'a, amma babu hanyar kwashe kaya zuwa bakin ruwa sai a ka, ko a bayan dabba. A can Ingila kuwa masaƙun Manchester, eh, wannan dai garin da wasunku ke rasa barci saboda ƙwallonsa, suna fama da neman auduga. Sun gaji da dogaro da Amurka. A 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA, kuma idonsu ya faɗa kan ƙasar Hausa, don sun ji labarin ana noma auduga ana saƙa a nan tun fil azal.

A 1907 aka turo wani mutum ya zama gwamnan Arewa, sunansa Percy Girouard, ɗan asalin Kanada. Ku lura da wannan: injiniyan jirgin ƙasa ne. Shi ne ya shimfiɗa wa sojojin Ingila layin dogo a cikin hamadar Sudan a 1897, lokacin yaƙinsu da Mahadiyya. Wato da gangan aka zaɓo maƙerin hanya aka ba shi mulki.

Dabarar da aka yi ita ce a fara daga Baro, wani gari a bakin kogin Neja, cikin jihar Neja ta yanzu. Jiragen ruwa su shigo da ƙarafa da injuna idan kogi ya cika, a sauke a Baro, a riƙa shimfiɗawa ana yin arewa, ta Minna da Zariya har Kano, tafiyar sama da kilomita 500. Daga baya layin da ya taso daga Legas ya zo ya haɗe da shi a Minna. A Jebba ma da farko jirgin ruwa ke ɗaukar taragu ya ƙetare da su, sai a 1916 aka gama gada.

Kada mu yi wa tarihi kwaskwarima. Babu katafila a wurin nan. Mutane ne suka sare daji, suka haƙa ƙasa, suka ɗauke ta a kwando a ka. Da yawansu ba da son ransu suka je ba, ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Sunan Girouard yana cikin littattafai. Sunayen waɗanda bayansu ya sha rana kuwa babu wanda ya rubuta.

To jirgi ya iso. Turawa suka zauna suna jiran auduga. Sai manomin Kano ya yi nasa lissafin.

Na farko, masaƙan gida suna biyan kuɗin da ya fi na Bature a kan auduga, don sana'ar saƙa da rini tana da ƙarfi a lokacin. Me zai sa ya sayar da arha? Na biyu, gyaɗa tana son ƙasar jigawa irin ta Kano, ana shuka ta tare da gero da dawa, tana kuma gyara gona. Na uku, kuma wannan shi ne babba: idan shekara ta yi muni, za ka iya cin gyaɗa. Ka taɓa ganin wanda ya yi miya da auduga?

A daidai wannan lokaci wata fasaha ta daban ta bayyana a Turai. A 1902 wani masanin sinadarai Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar daskarar da man da ake matsewa daga tsirrai, ruwan mai ya koma mai ƙarfi. Da wannan aka samu damar yin botar shafa wa burodi da sabulu da man gyaɗa cikin sauƙi. Sai farashin gyaɗa ya tashi. Kun ga abin? Wani yana ɗakin gwaje-gwaje a Jamus, wani yana shimfiɗa ƙarfe a dajin Nupe, babu wanda ya san da wani, amma ayyukansu suka haɗu a gonar wani bawan Allah a Dawakin Kudu.

Daga kakar 1912 gyaɗa ta fara kwarara zuwa Kano har tashar jirgi ta rasa inda za ta sa buhuna. Wa ya tattaro ta daga ƙauyuka? Ba Turawa ba ne, su ba su san hanya ba, ba su jin harshe sosai, ba wanda ya yarda da su. Tsofaffin fataken goro ne. Su ke da jari, su ke da yara a kowace kasuwa, su ne manomi zai karɓi kuɗi a hannunsu tun kafin girbi bisa amana. Cikinsu wanda ya fi suna shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya yi fataucin goro a ƙasar Gana ta yanzu kafin ya dawo ya zama babban dillalin gyaɗa. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Jirgin nan kuma ya haifi garuruwa. Kaduna da muke gani, wurin da layi ya ƙetare kogi ne, sai aka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a wajajen 1917. Sabon Garin Kano ya samu ne saboda ma'aikata da 'yan kasuwa da suka biyo jirgi daga kudu. Kafanchan mahaɗar layi ce. Ƙaura Namoda da Nguru suka zama ƙarshen layi, suka cika da 'yan kasuwa. Gyaɗar Damagaram da Maraɗi ma ta riƙa biyowa ta Kano zuwa teku. Ayarin Tarabulus kuwa ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama labari, don raƙumi ba zai yi tsere da tarago ba.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, wadda muke sa hotonta muna cewa Allah sarki Arewa ta da, mene ne ita? Buhunan gyaɗa ne da aka jibge suna jiran jirgi, don taragun da ke akwai ba sa iya kwashe su a kan kari. Ɗanyen kaya ne zai fita waje, a matse shi a can, a yi bota da sabulu, a dawo mana da su mu saya. Ɗauki taswirar layin dogon Najeriya na wancan zamani ka duba: ko'ina ya taso, bakin teku ya nufa, Legas ko Fatakwal. An yi shi ne don fitar da kaya.

Shi ya sa da fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur, sai dalar ta ɓace, layin ma aka bar shi ya lalace. Mun yi shekara sittin muna loda ɗanyen kaya, ba mu gina isassun masana'antun da za su riƙe mu ba idan kasuwar waje ta juya baya.

Me ya sa nake wannan dogon labari? Saboda ana sake shimfiɗa ƙarfe a zamaninmu. Jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mu kuma muhawararmu ta tsaya kan wa ya kawo aikin, jam'iyyar wa za a yaba. Ban ji muna tambayar abin da za mu loda ba.

Idan riɗi da zoɓo da citta da kirgi za mu ci gaba da turawa ɗanye, wallahi mun sake gina dala ne kawai da sabon fenti. Kirgin Kano har yau yana fita waje, a yi takalmi da jaka da shi, a sa masa sunan wata ƙasa. Ɗan'uwa mai digiri a injiniyanci, 'yar'uwa mai karatun sarrafa abinci, wannan tambayar taku ce. Wa ke koyon gyaran injin jirgi? Wa ke tunanin injin matsar riɗi kusa da tasha, ko ɗakin sanyi na tumatir? Wa zai je zaman majalisar jiharsa ya tambaya ko an ware fili da wuta don masana'antu a gefen layin, kafin masu ido da kwalli su rabe filayen?

Bature ya kawo jirgi da nufin auduga, manomi ya ce gyaɗa, kuma maganar manomi ce ta tabbata. Fatake irin su Ɗantata ba su suka ƙera jirgin ba, amma ya same su da jari da mutane da amana, shi ya sa suka ci moriyarsa. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karon muna da abin da su ba su da shi: mun yi karatu, mun kuma ga yadda na farko ya ƙare.

Aikin gida na wannan mako: ka nemi wani dattijo a unguwarku wanda ya taɓa shiga jirgin Nguru ko na Legas, ko ya yi dakon gyaɗa, ka zauna ka saurare shi, ka naɗi muryarsa a waya idan ya yarda. Sannan ka rubuta abu ɗaya da garinku ke fitarwa ɗanye, ka bincika inda ake kai shi da nawa ake sayar da shi bayan an sarrafa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya bar zumunci, Ya ba mu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.