Buda da hayaƙin murhu: jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci

 

Yau zancen iska za mu yi, wadda muke shaƙa dare da rana. Iska ba ta tafiya ita kaɗai. Tana ɗauke da ƙura da toka da hayaƙi. Ƙura mai kauri, hanci yana tare ta. Mugunyar ita ce ƴar mitsitsi, wadda sai an jera talatin kafin su kai kaurin silin gashi guda. Ita ce ke wucewa har cikin huhu.

Daga ina take fitowa? Budar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, mai yawa daga ƙasar Cadi take tasowa, daga wani kwari da ake ce ma Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce, tafkin Cadi ya kai har can. Ruwa ya janye, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska ta kutso tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta kwashe ta, wajen kwana 100 a shekara. Shi ya sa mutanen Difa da Damagaram su kan riga na Dosso da Gaya ganin buda. Wata ma ƙetare teku take yi, har Amurka ta Kudu.

Ba kowace shekara ba ce ɗaya. Tsofaffinmu sun san farin 1973 da na 1984. Ciyawa ta ƙare, ƙasa ta zama tsirara. Masana masu awon ƙura a tsibirin Barbados, can bayan teku, sun ga ta ninka a waɗannan shekaru. Da damina ta kyautatu, sai ta ragu.

Lokacin buda da bazara ne sanƙarau ke yawa, don maƙogwaro ya bushe, ya ji ciwo. Ruwan farko na sauka, cutar na ja da baya. An kawo sabuwar allurar rigakafinsa Nijar a 2010. In an yi shelar rigakafi, ku kai yara.

To, mata, ga naku. Ƙurar Bodele ba mu da iko da ita, amma hayaƙin murhu namu ne. Mai girki cikin ɗaki a rufe, da goyo a baya, ita da jaririn hayaƙi suke sha. Tari da ciwon haƙarƙari na yara, nan suke samun ƙofa. A yi girki a fili ko a buɗe taga, a sa busasshen icce, a ba wani ya riƙe yaro nesa da wuta. A Yamai, da magariba cikin sanyi, hayaƙin murhu da na motoci da na shara kwanciya yake yi bisa unguwanni, ya ƙi tashi.

Maza kuma, ku duba kwarin Majiya. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. A Maradi, manoma sun bar toho ya girma cikin gona tun bayan 1984. Ranar da buda ta yi kauri, a rufe hanci da rawani ko kallabi, a rufe randa, masu asma su zauna ɗaka.

Wanda ke da tambaya, bismilla.