Tumakin Ulu da Ciyawar Mambila: Jawabi ga 'Yan Tike na Fegge



Wani dattijo da ya shekara 30 yana sauke raguna a nan Anacha ya tambaye ni: "Malam, Turawa na sayar da gashin tunkiya su bar tunkiyar da rai. Mu me ya hana mu?" To, Baba, ga amsa.

Tumakinmu, watau 'Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su gajere mai kaushi, wanda ba ya kaɗuwa. Allah Ya yi su domin zafin rana. Mai ulu mai laushi ita ce Marino, 'yar asalin Sifen, wadda aka kai Ostareliya a 1797. Sau ɗaya a shekara ake yi mata aski. Amma in ka kawo ta Fegge ko Fatakwal, laima za ta ruɓar da ulun, ƙuda ya yi tsutsa a cikinsa, kofato ya lalace. Kada kowa ya zuba jarinsa a wannan.

Mu dubi Lesoto, ƙasar baƙar fata irinmu, wadda ko kwarinta ya kai mita 1,400 bisa teku. Talakawan can da Marino suke biyan kuɗin makaranta. Da damina sai makiyaya su hau da garke can ƙololuwar duwatsu, in sanyi ya shigo su sauko. Sarakunan gargajiya kuwa suna da ikon killace wani yanki na makiyaya, su ce ba mai shiga sai ciyawa ta farfaɗo. Inda aka yi sakaci da wannan doka, dabbobi suka yi yawa, ruwa ya kwashe ƙasa ya bar kwazazzabai. Lalle tunkiyar da ta sha yunwa ulunta tsinkewa yake yi, dillali kuwa ba ya sayensa da daraja.

Mu ma muna da irin wannan wuri, tudun Mambila a Jihar Taraba, mai tsayin kamar mita 1,600, inda sanyi ke sa mutum neman bargo da tsakar dare. Sai dai shanu sun riga sun yi wa ciyawarsa nauyi, kuma an zub da jini a kan filaye tsakanin manoma da makiyaya a 2002 da 2017. Wanda ya ƙara tumaki a can ba tare da an ƙayyade yawan dabbobi an kuma shata wa kowa iyakarsa ba, fitina ya ƙara.

Saboda haka, ku masu 'yan'uwa a Gembu da Nguroje, in kun je gida ku fara da zancen makiyaya tukuna. Mu da ke nan kuwa, fatar ragon da muke bari wuƙa ta huda ran Sallah, ita ce kuɗin da ke zubewa a gabanmu.

 Allah Ya kai kayanku lafiya.