Abin da Shugaba Ya Rubuta da Hannunsa



Mu masu koyar da tarihi mun san cewa a ƙasashen kwaminisanci na Gabashin Turai, jaridu na jam'iyya ne, bayanan taro kuma sai an tace su suke fitowa. Shi ya sa da aka buɗe rumbunan takardu bayan 1989, masana suka karkata ga littattafan da shugabanni suka rubuta wa kansu.

Mu ɗauki Georgi Dimitrov, ɗan Bulgeriya da ya jagoranci Komintan, ƙungiyar kwaminisanci ta duniya, daga 1935 zuwa 1943. Ya riƙa rubuta abin da ya gani daga 1933 zuwa 1949, aka buga littafin a Sofiya a 1997. A cikinsa muka ji abin da Stalin ya furta wajen wata liyafa ranar 7 ga Nuwamba 1937, cewa duk wanda ya nemi wargaza ƙasar za a hallaka shi har da danginsa.

Sai dai a waccan shekara ana ta kama ma'aikatan Komintan, littafin kuma yana iya faɗawa hannun 'yan sandan ciki. Don haka Dimitrov yakan taƙaita batun kamen, ya ɓoye ra'ayinsa. Mai rubutu cikin tsoro ba ya zazzage cikinsa.

Mu koya wa ɗalibanmu su tambayi kowace takarda: wa ya rubuta, yaushe, tsoron wa yake ji, wace shaida ta gaskata shi? Yaron da ya saba da haka ba a yaudararsa da sauƙi.

Allah Ya yi mana jagora.