Gidan Gado da Ya Zama na Kowa: Jawabi a Taron Ƙungiya

Shugaba, iyayenmu, 'yan uwa na nan Ingila da waɗanda za su karanta wannan a gida, ina gaishe ku.

A hutun da ya wuce na kai yarana Towneley Hall, a garin Burnley, arewa da Mancesta. Katafaren gidan dutse ne da zuri'ar Towneley ta zauna a cikinsa ɗaruruwan shekaru. A 1901 magajiyarsa, Lady O'Hagan, ta sayar wa hukumar gari, kuma da iyalin suka tashi sun kwashe kusan duk kayansu. Mutanen gari ba su bar shi ya zama kango ba. A 1903 suka fara baje kolin zane-zane a ciki, da kyauta da wasiyya suka cika ɗakunan sannu a hankali. Yau akwai zanen da Zoffany ya yi wa Charles Townley a tsakiyar sassaƙe-sassaƙensa, da rigunan ibada masu aikin allura daga tsohuwar majami'ar Whalley.

Muna fitowa 'yata ta ce, "Baba, ina gidan kakanka?" Na rasa amsa. Bayan rabon gado an sayar da shi, an rushe, an jera shaguna. Zauren nan mai daurin guga da dagi a goshinsa, ko hotonsa ba mu da shi. Ban zargi kowa ba, har ni na karɓi kasona.

Ba wai ba mu san wannan aikin ba ne. Gidan Makama da ke Kano, wanda tarihinsa ya koma zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yau gidan tarihi ne. Haka Gidan Ɗan Hausa. To, sauran gidajen fa?

Roƙona guda ne. Duk wanda zai je gida bana, ya ɗauki hoton gidansu ciki da waje, ya zauna da dattawa ya rubuta abin da ya rage: allon zayyana, sirdi, tasoshin jere, riga mai aska takwas, da labarin masu su. Na gida kuma su taimaka a buɗe ɗakunan ajiya. Mu tara a hannun sakatare, a taron baɗi mu yi namu baje kolin, ko da bango ɗaya ne.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe amana.