Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Game Da Rajistar Majinyata Cikin Na'ura



Abin da ya tara mu yau shi ne batun likitocin sa kai, watau waɗanda kan zo ƙasarku su yi mako guda ko biyu suna duba jama'a kyauta, wasu daga biranenmu, wasu daga Ingila ko Amurka. Kowa ya san amfaninsu, musamman masu aikin yanar ido. Amma akwai wani lahani wanda ba a cika faɗinsa ba. In sun naɗe kayansu sun tafi, sai labarin majinyaci ya tafi tare da su. Mutum ya karɓi maganin hawan jini na wata ɗaya, ya ƙare, ya je ɗakin shan magani na garinsu, malamin asibiti ya tambaye shi wane iri aka ba shi, ya ce wata 'yar ƙwaya ce fara. Alhali kuwa hawan jini da ciwon sukari ba a warkar da su da zuwa ɗaya, sai an yi ta bibiya. Wani kuma allurar penisilin ba ta karɓe shi ba bara, ba wanda ya rubuta, bana a sāke yi masa.

Domin maganin wannan ne aka shiga rubuta bayanin majinyata cikin kwamfuta. Tsarin da ya fi shahara a irin ƙasashenmu sunansa OpenMRS. An ƙulla shawararsa a 2004, tsakanin masanan cibiyar Regenstrief ta Amurka da ƙungiyar Partners In Health, aka fara aiki da shi a 2006 a garin Eldoret na ƙasar Kenya, wajen kula da masu cutar ƙanjamau. Ba a sayar da shi, kowa na iya ɗauka. Kada ku rikita shi da DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ke kula da shi, hukumomin lafiya na Nijeriya kuma suna tara alƙaluma da shi. Shi wannan galibi jimla yake tarawa, kamar yadda malamin hakimi kan aika da lissafin gunduma. Wancan kuwa labarin mutum ɗaya ɗaya ne.

Kafa shi ba wuya kamar yadda ake zato. Kwamfuta guda ce uwa, ita ke riƙe da kundin duka. Sai a kunna wata 'yar na'ura mai haɗa ta da sauran ba da waya ba, mai rajista da likita da mai ba da magani kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ya rubuta nan take, ko da babu intanet a garin. Abin da ake bukata daga gare ku shi ne ɗaki mai ƙofa da makulli, da inda za a shimfiɗa faifan hasken rana. A rufe na'urorin saboda ƙurar hunturu. Ko wace yamma a kwafe aikin yini a ajiye dabam. Takarda da biro kuma su zauna kusa, gama batir ba ya sallama in zai mutu.

To, ga inda aikin malamai ya fi nauyi, shi ne wajen suna. Na'ura ba ta san mutane ba, abin da aka ba ta shi take riƙewa. A ƙauye ɗaya za a sami Muhammadu goma, wani ana ce masa Mamman, wani Ɗanjuma, sunan yankansa ma sai tsofaffi. Mace kuma ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba saboda alkunya, baƙo kuwa sai ya zaci taurin kai ne. In Hauwa ta zo yau aka rubuta Hauwa, gobe ta ce Kulu, na'ura za ta mai da ita mutum biyu. Abin da ya fi wannan muni shi ne a haɗa mutum biyu wuri ɗaya, a ba wannan maganin wancan. Saboda haka lalle malami ko mai unguwa ya zauna kusa da mai rajista, a rubuta sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da unguwa. Wanda bai san shekarunsa ba a ƙiyasta da wani abin da ya faru, kamar canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Sa'an nan a ba shi kati mai lamba, a gargaɗe shi ya adana shi kamar takardar gona.

Amma fa malami aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa. Ciwon mutum sirrinsa ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana shi ba da izini ba, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ƙara ƙarfafa wannan. Hakimi ma ba shi da ikon ya ce a buɗe masa ya ga abin da ke damun wane. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi, amma ranar da mata suka ji ana karanta cutarsu a fada, ba za su sāke fitowa ba.

Kafin ku ba baƙi masauki, ku tambaye su ko sun sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko kuma likitocin da suka zo daga waje sun yi rajista da majalisar likitoci ta Nijeriya. Ku tambaye su wa zai riƙe kundin bayan tafiyarsu. In suka ce zai tafi da su ƙasarsu kaɗai, ku nemi a bar wa shugaban asibitin gunduma kwafi, cikin na'ura ko a buge a takarda, tare da jerin waɗanda ya kamata a sāke dubawa da ranar da maganin ko wanne zai ƙare. Malami ya rubuta cikin littafin gunduma ranar da aka miƙa shi da sunan wanda ya karɓa.

Wassalam.