Amsar Wasiƙa: Ina Ake Samun Madogarar Tarihin Ƙasar Daura?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Zangon Daura. Ya ce ya sayar da buhunan gero ya kai ɗansa jami'a, yanzu yaron yana shekarar ƙarshe, an ce ya rubuta tarihin sarautar Zango. Ya kai, malaminsa ya mayar masa, wai babu madogara. Shi ne yake tambaya, mece ce madogara, kuma a ina ake samunta?

To Malam, mun gode. Madogara dai shaida ce. In kun yi cinikin sa a kasuwar Mai'aduwa, ai ba a rabuwa sai da shaidu. Haka ilmi yake: duk maganar da ɗalibi ya rubuta, sai ya faɗi wanda ya faɗe ta, a wane littafi, wace shekara, shafi na nawa. Abin da aka kwaso a intanet ba sunan marubuci, tamkar “an ce” ne.

Littafin da zai fara nema shi ne The Affairs of Daura na M. G. Smith, wanda ya fito a 1978. A ciki an bi yadda sarautar Daura ta rabu bayan jihadi, aka sami Zango da Baure. Sai Sudanese Memoirs na H. R. Palmer, na 1928, mai ɗauke da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu. Amma fa kada ya tsaya ga baki ɗaya. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya rubuta maƙala yana ja da masu ɗaukar labarin Bayajida a matsayin mafarin sarautun Hausa. Ɗalibin kirki shi ne mai kawo maganganun biyu ya auna.

Ina za a same su? Ya fara da laburaren jami'arsa. In bai samu ba, akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Bayero a Kano, da Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A Kaduna kuma akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda rahotannin razdanoni da di'o-di'o na zamanin Turawa suke. Ya tafi da katin shaidarsa da takardar gabatarwa daga sashensu, don baƙo ba ya shiga haka kawai.

In ya shiga, kada ya hau laluben kantoci. Ya nemi katalogi, na kati ko na kwamfuta, ya duba da sunan marubuci ko sunan littafi, ya kwafi lambar da ke nuna inda littafin yake. In ya rikice ya tambayi ma'aikacin laburare, aikinsa ke nan. Ya kuma leƙa sashen kundayen digiri, ya ga abin da na gaba suka yi. Ga wata dabara: ƙarshen kowane littafin bincike akwai jerin littattafan da marubucin ya dogara da su. Littafi ɗaya sai ya kai ka ga goma.

Sannan Malam, kai ma kana da rawar takawa. Shi kansa M. G. Smith wurin dattawa da masu sarauta ya sami da yawa daga abin da ya rubuta. Kai yaron gun tsofaffin garinku da makaɗan fada, ya rubuta sunan kowa, da shekarunsa, da ranar da aka yi hirar. Wannan ma madogara ce, malamai na karɓarta. Masu tsofaffin takardun ajami a adaka kuma, don Allah a tsare su daga gara da ɗigon damina.

Allah ya ba yaro sa'a, ya sa gero bai tafi a banza ba. Sai mun ji daga gare ku.